Bazazzagi ya yi wa Windows kishiya

Malam Bazazzagi, an ce mini ka yi wa Windows kishiya. Barka da arziki! Sai dai labarin da ya iso Kano shi ne, da uwargida da amarya Ubuntu ɗaki ɗaya ka cusa su, wato faifan ajiya guda ka tsaga biyu. Ku da kuke cika mana baki da jami'ar Samaru, ashe rowa ta fi bokon ƙarfi? Mu ake yi wa gorin son kuɗi, amma ko Bakano ya san kowace mace da ɗakinta.

Ga shi nan ai. Windows ta sabunta kanta cikin dare, gari na wayewa ka kunna kwamfuta, GRUB, ɗan jerin nan da ke tambayar wacce za ka shiga, ya yi ɓatan dabo. Aka gan ka kana zufa kana dukan F12 kamar mai kiɗan kalangu.

To matso in karantar da kai kyauta. Ka sayi faifai na biyu. Kafin ka ɗora Ubuntu, ka kashe kwamfutar, ka zare faifan Windows gaba ɗaya, don kowacce ta ajiye abin tayar da ita a nata faifan. In ka gama sai ka mayar. Ko ɗaya ta lalace, ɗayar za ta tashi lafiya lau.

Ka kuma kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Ubuntu za ta iya buɗe fayilolinka na Windows amma ta ƙi rubuta komai a wajen. Ita kuwa Windows ko kallon tsarin ext4 da Ubuntu ke ajiye fayiloli da shi ba ta yi, kar ka ce aljanu ne suka kwashe maka kaya.

Saura agogo. Ubuntu na saita agogon cikin na'ura bisa UTC, Windows kuma ta ɗauka lokacin gida ne. Najeriya tana gaban UTC da awa 1, shi ya sa agogonka ke ja baya har ka iso Juma'a liman ya sallame. Ka daidaita su a kan lissafi ɗaya.

In abin ya gagara, ka hau mota ka zo Kano. Yaranmu za su gyara maka, amma fa kuɗi hannu, Bazazzagi ba ya cin bashi a nan.