Mutanen Daren Rahoto

Saƙon Gusau ba ya zuwa da safe. Sai an idar da La'asar wayar oga za ta yi ƙara: ana son rahoton rigakafi na Talata Mafara da Bakura da Maradun gobe ƙarfe takwas, kuma ba na takarda ba, irin wanda ake dannawa a kwamfuta alƙaluma su canja. Daga nan halin kowa ke fitowa fili.

Mai Launi ne ke fara miƙewa. Saurayi ne, bai daɗe da gama kwalejin Abdu Gusau ba, manhajar Power BI kuwa a YouTube ya koya. Kafin a kawo masa lamba ko ɗaya ya riga ya zaɓi kore da ruwan goro, ya zana da'ira ya yayyanka ta kamar kankana. Tambaye shi yara nawa aka ɗiga wa magani a Garbadu, sai ya ce, "Yallaɓai, bari in gyara shuɗin nan tukuna."

A gefensa Baba Kalkuleta ne, wanda ya kama aiki tun Zamfara na cikin jihar Sakkwato, kafin 1996. Duk abin da kwamfuta ta tara sai ya sake tarawa da hannu, in lissafi ya saɓa kuma ita ce ta yi kuskure. Abin haushin shi ne sau da yawa shi ke da gaskiya. Wani ya rubuta Maradun, wani Maradum, wani ya taƙaita shi zuwa haruffa uku, manhajar kuwa ba ta taɓa zuwa garin ba, sai ta ɗauke su ƙananan hukumomi uku. Gyaran irin wannan ne ke cinye dare, ba zane ba, amma ba wanda ke son a ba shi.

Akwai Malam Babu Sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. An daɗe da mayar da su, shi ne dai labarin bai iske ba. Fayil ba ya fita daga wayarsa, amma hoton bikin ƙaninsa ya shiga WhatsApp tun Magariba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Mai Cike Gurbi, don shi ne mai saurin aiki, shi ake yabo. Ba ya son ganin akwati wayam. Asibitin da bai aiko da komai ba saboda hanya ba ta biyuwa, sai ya dubi na watan jiya, ya ƙara 'yan kaɗan don a ga ci gaba. A hannunsa yaran da aka yi wa allura kan fi yaran da aka haifa yawa. Da za a ba shi rahoton shinkafar Bakolori, da kadada ɗaya ta ba da abin da ba a taɓa gani ba tun da aka gama madatsar ruwan Bakolori a 1978. In ka yi magana ya ce, "To, a kai wa oga babu?" I, a kai masa babu. Gurbin nan da aka bari shi ne zai sa a tambayi abin da ya hana ma'aikata isa ƙauyen.

Mai Rahoton Bara ba ya wahalar da kowa: shekara kawai yake canjawa, wani lokacin ma ya manta.

Sai oga da kansa, wanda ya nace sai rahoto mai motsi. Ƙarfe biyun dare, janareto na tari, aka juya masa allo. "Ranka shi daɗe, in ka danna nan Bakura za ta fito, nan kuma Mafara." Ya gyaɗa kai, ya yi shiru, sannan ya ce a buga masa a takarda, kofe uku.

Wadda ba ta cikin ɗakin ita ce ma'aikaciyar lafiyar ƙauye da ta rubuta sunan kowane yaro a rajista, ta tara jimillar wata, ta ba ɗan acaɓa ya kai sakatariya a shigar cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita. Duk koren nan da ruwan goro a kan rubutunta suke tsaye. Kafin a sayo wa Mai Launi sabuwar kwamfuta, don Allah a kai mata sabuwar rajista da biro, a biya ta kuɗin acaɓan.