Bakano, Ba Don Kantin Kwari Aka Yi Duniya Ba

Bakano bawana, labari ya iso Zariya cewa ka shiga falsafa, har kana tara yaran shago kana yi musu bayanin hikimar da ke cikin halitta. Madalla. Sai dai duk abin da ka ɗauko, bayaninsa a aljihunka yake ƙarewa: auduga an yi ta don Kantin Kwari, fatar akuya don dukawa, sauro kuma wai don a samu cinikin maganin sauro.

Tunda mu aka bar wa karatu, gyara zama. Aristotal na ƙasar Girka ya koyar da cewa ba ka san abu ba sai ka san dalilansa huɗu, na ƙarshensu shi ne abin da aka yi shi dominsa. Da haƙora ya buga misali: na gaba masu kaifi don yanka, turame masu faɗi don niƙa. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya dubi yadda dare da rana da ruwa da tsirrai suka dace da rayuwar ɗan Adam, ya kafa hujja da su a kan kulawar Mahalicci. Kulawa fa ya ce, bai ce riba ba.

A 1802 wani malamin coci a Ingila, William Paley, ya kawo misalin agogo: wanda ya tsinci agogo a daji, ya ga yadda ƙarafansa suka shiga juna, dole ya yarda akwai maƙerinsa. Da kai ne ka tsince shi, ina ruwanka da maƙeri? Kafin la'asar yana Sabon Gari ana taya shi. Darwin kuma ya zo a 1859 da nasa bayanin, cewa abin da ya dace da muhallinsa shi ke rayuwa ya bar zuriya. Har yau masana ba su gama wannan musu ba.

Gawo ne ya fi tona maka asiri. Ka ce yana kaɗe ganye da damina ne don kada ya yi wa geronka inuwa, ya yi kore da rani don awakinka su sami abinci. Amfanin gaskiya ne, kowane manomi shaida ne. To amma saiwarsa na nitsawa ne can ƙasa ta kamo ruwan da sauran tsirrai ba sa kaiwa, sai ya yi harkarsa lokacin da ba mai yi masa gasa. Wato ya buɗe shago bayan kowa ya rufe. A nan kam na yarda akwai jinin Kanawa a jikinsa.

Wannan darasi ba kyauta ba ne. Kuɗin sharar bana ka ninka shi, kuma ban yarda da "a dawo gobe" ba.