Takarda Zuwa Ga Malam Matsau, Mai Matse Bidiyo

Takarda ta fito daga hannun jama'ar Unguwar Rimi, Kaduna, masu aurar da 'ya'ya da masu raɗin suna da masu ɗaukar su a waya, zuwa ga Malam Matsau, wanda ke zaune cikin kowace waya yana rage wa bidiyo nauyi kafin ya bar shi ya fita.

Jama'a na da ƙorafi, amma dattawan unguwa sun ce a fara da faɗin alherin mutum. Hoto guda na bidiyo mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin ɗigo 1080 yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan biyu, waya kuwa hoto 30 take ɗauka a kowace daƙiƙa. Da za a bar su yadda Allah ya yi su, minti ɗaya kacal zai ci kusan gigabayit 11. Tun lokacin ɗauka Malam ke sa hannu ya mayar da shi megabayit ɗari da 'yan kai, in an zo turawa kuma ya sake murɗe shi. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, babu mai raina wannan hidima. Ba don Malam ba, da goggon da ke Jidda da ɗalibin da ke Alƙahira sai dai su ji labarin biki a baki.

An kuma binciki asalin Malam, kamar yadda ake yi wa duk mai shiga gidajen mutane. Kakansa injiniya ne haifaffen Indiya mai suna Nasir Ahmed, ba tsohon gwamnan Kaduna ba, suna ne ya zo ɗaya. Shi ya fito da dabarar lissafin matse hoto a Amurka a 1972, shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa ta a 1974. Daga tsatsonta aka samu MPEG-1 na faifan VCD da ya yi wa fina-finan Kano dako shekara da shekaru, da H.264 a 2003, da H.265 a 2013. Manya ba su manta da zamanin 3GP ba, lokacin da masu turi ke cika wa mutum memori da fim mai ɗigo 176 da 144, sai da murya ake gane jarumi.

Jama'a sun gano sirrin sana'ar. Malam yakan ajiye hoto ɗaya cikakke, waɗanda ke biye kuma abin da ya canza kawai yake rubutawa, sauran ya ce kamar dai na ɗazu. Yana yanka hoton gida-gida, ya zubar da ƙananan zane da yake ganin ido ba zai nema ba. Launi ma ragi yake yi masa, don ya san idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu. In aka ce masa ga iyakar nauyin da za a ɗauka, sai ya koma ɗan kamashon tashar Kawo: mota ta cika ko ba ta cika ba, kowa sai ya shiga, ko da ƙafarsa na waje.

A nan ƙorafin yake, domin wannan dabara tana da son kai. A ɗauki tafsirin azumi a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki. Mai tafsiri na zaune, alaramma na gefe, bango ba ya motsi, littafi na inda yake. Bidiyon awa guda zai iso tas, har a iya ƙirga furfurar gemu. To a kawo wa Malam daren dina. Amarya na shigowa, ƙawaye na biye da anko na atamfa mai ƙananan zane, leshi na walƙiya, fitilu masu launi na juyawa, kuɗin liƙi na zuba, mai hoto na tafiya da baya yana tuntuɓe da waya. Babu ɗigo ɗaya da ya zauna inda yake, babu abin da za a ce masa kamar na ɗazu. Sai Malam ya rikice ya hau zubar da duk abin da hannunsa ya kai. Lallen da aka wuni ana zanawa shi ke fara tafiya. Aikin wuyan babbar rigar ango ya bi baya. Jan gwaggwaro ya malala kan kunci. Kwalliyar da aka biya kuɗi masu nauyi aka yi ta koma dabbare-dabbare, har uwar amarya ta kai waya kusa da ido tana tambaya ko 'yarta ce. Wurin da haske ya yi ƙaranci kuwa, baƙar fata da inuwar rumfa duk ɗaya ne a wajen Malam. Haka yake yi wa hawan sallar Zariya: ƙura da dawakai da rawuna su dunƙule wuri guda.

Masu liƙi kaɗai suka ƙi sa hannu a wannan takarda. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wajen biki, su kuwa sun lura cewa bayan Malam ya gama aikinsa babu mai iya rantsuwa a kan fuskarsu.

Adalci ya sa a ce ba duk laifin na Malam ba ne. Bidiyo kan hau TikTok, wani ya sauke ya ɗora masa waƙa, wata ta sa a sitatus, ƙanenta ya ɗauko daga fuskar waya ya sake turawa. Kowane zango sai an kira Malam ya matse abin da ya riga ya matse, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. Wannan ya wuce wasa. In lambar mota ta goge, rubutun allon shago ya narke, sai a ɗauko rikicin wata ƙasa na shekarun baya a ce jiya ya faru a bayan Kawo. Kaduna ta san tsadar jita-jita. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun Janairun 2019, amma wannan bai mayar wa bidiyo shaidar da aka kankare masa ba.

Samarin da ke zama bakin Kwalejin Rimi sun ce akwai ƙofar baya. An daɗe iyakar bidiyo a WhatsApp tana megabayit 16, amma wanda ya tura shi a matsayin dakumen ya tsallake matsin da Malam ke yi wajen turawa, tun 2022 kuma hanyar na ɗaukar har gigabayit 2. A 2023 aka ƙara maɓallin HD. Na kusa kuwa Xender ya ishe su, ba data ba matsi. Sai dai wanda ya aika wa goggo gigabayit guda ya cinye mata data ta wata, wayarta ma ta ce ba wuri. Shawararsu mai arha ita ce a goge idon kyamara, a nemi haske, a riƙe waya da hannu biyu, a yanke zaman jiran ango, a tura daga wayar da ta ɗauka.

Roƙon jama'a ga Malam guda biyu ne. In rabon ya yi kaɗan, ya fara ba fuskar amarya da hannunta, ya rage daga kujerun roba da rumfa da bayan mai kiɗa, ba wanda zai yi ƙara. Sannan ya ja kunnen jikansa AV1, wanda ya fito a 2018 da alkawarin cin data kaɗan, ya tausaya wa tsofaffin wayoyi, domin zafi suke ɗauka in sun gamu da shi, batir kuma ba kullum ake samun wutar caji ba. Akwai bukukuwa da dama da aka sa bayan ƙaramar salla, ana so a ga canji kafin lokacin.

Haza wasalam.

Jama'ar Unguwar Rimi, Kaduna.