Sannunku da Aiki, Masu Kaki

Tun da soja suka karɓe mulki a Nijar a watan Yulin 2023, ake ta jin wasu a majalisun Fagge da rumfunan kasuwar Sabon Gari a Kano suna cewa da ma mu ma a zo a cece mu. Ai kuwa sun yi gaskiya. Wa ya kai soja tausayin talaka? Kusan shekara 29 suka yi suna riƙe da Nijeriya, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, ba su taɓa wahalar da kowa da tsayuwa cikin rana don jefa ƙuri'a a zaɓe su ba.

A fara da haɗa kan ƙasa. Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 a watan Mayun 1966, ya rushe tsarin yankuna da alƙalami guda ba tare da ya ɓata lokacin tambayar kowa ba. Kan ya haɗu sosai: Sabon Gari ta wayi gari cikin jini, dubban mazaunanta suka gudu Gabas, shekara na zagayowa aka shiga yaƙin basasa.

Sai tarbiyya. A 1984 an koya wa dattawa bin layi da bulala, ko da layin sayen madara da sabulu ne. Doka ta 2 ta hutar da alƙalai, don ana iya tsare mutum ba shari'a. Doka ta 4 kuwa ta hutar da 'yan jarida, har Tunde Thompson da Nduka Irabor suka samu masauki kyauta a gidan yari.

'Yan kasuwar Kantin Kwari ma sun ga alheri. Kafin Janar Babangida ya kawo shirin SAP a 1986, naira na kafaɗa da kafaɗa da dala. Da ya sauka a 1993, dala ɗaya ta kusa naira ashirin ko ta haura. Kuma da mutanen Kano suka yi kuskuren fifita Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa ranar 12 ga Yuni, sai aka gyara musu kuskuren, aka soke zaɓen ɗungurungum.

Ɗan gida, Janar Sani Abacha, shi ya fi kowa iya tanadi. Ya adana mana dukiya a bankunan Turai, har bayan rasuwarsa da shekara ashirin ana ta maido mana ɗaruruwan miliyoyin daloli. Farin jininsa ya kai jam'iyyu biyar duka suka tsayar da shi takara a 1998. Wanda bai ga kyansa ba, irin su Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya ƙarasa kwanansa a kurkukun Abakaliki. Abubakar Rimi, wanda kasuwar Sabon Gari ke ɗauke da sunansa, soja sun karrama shi da ɗauri har sau biyu.

To, jama'a, gatse ya ƙare a nan. A Sabon Garin nan ne samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, don talaka ya samu bakin magana, kuma magoya bayanta sun sha duka da ɗauri a kan haka. Gaskiya ne 'yan siyasa sun ci amanarmu, tsada da rashin tsaro sun kai mu bango. Amma ɓarawon da ƙuri'a ta kawo, ƙuri'a na iya korarsa. Wanda bindiga ta kawo sai ya ga dama ko ajali ya zo. Kada yunwa ta sa mu roƙi abin da iyayenmu suka sha wuya kafin su rabu da shi. Mu riƙe katin zaɓenmu, mu tsare ƙuri'armu, soja kuma su zauna a bariki.