Wasiƙa zuwa ga Hajiya Kaka, daga angonta na Landan

Angon Hajiya yana sanar da amaryarsa cewa ƙorafinta na rashin aiko hoto ya iso, kuma ya gano cewa kakannin Turawa sun riga ta wannan rigima da kusan shekara 400.

Hujjarsa tana rataye a babban gidan zane-zane na ƙasa da ke dandalin Tarafalga, inda ake shiga kyauta. Zanen wasu samari ne biyu, wa da ƙane, Jon da Banad Sitiwat, 'ya'yan gidan sarautar Lenoks kuma dangin Sarki Cals na Ɗaya, wanda Antoni Fan Daik, mai zanen fada, ya yi wajen 1638, gab da tafiyarsu yawon ƙasashen Turai, wataƙila don mutanen gida su samu abin kallo. Da fentin mai aka yi shi, wato garin launi da aka kwaɓa da man irin wani tsiro, wanda saboda jinkirin bushewarsa mai zane yake iya ɗora shafi bisa shafi, har ƙyallin yadin satin da suka sa ya fito kamar a kai hannu a taɓa.

Ƙanen ya fi tsayar da mutum. Ya sha shuɗi da ruwan azurfa, ga leshi a wuya, ga ƙaimi a dunduniya, ya dafe ƙugu yana kallon mai kallonsa ta kan kafaɗa, irin kallon da ɗan sarki yake yi daga kan doki ranar hawan Sallah, alhali ko gemu bai fara ba. Da Hajiya ta gan shi, da ta ce a yi masa aski, domin gashinsa ya sauko har kafaɗa, wataƙila kuma da ta saki tsohon angonta ta koma masa.

Sai dai akwai abin tausayi: yaƙin basasar Ingila ya ci su duka biyun suna bayan sarki, Jon a 1644, Banad a 1645, suna 'yan shekara ashirin da kaɗan, kuma wannan ne ya sa angon ya daina ɗaukar roƙon Hajiya da wasa.

Saboda haka hoto yana nan tafe, da babbar riga da hula, hannu a ƙugu. Tukwicinsa kilishi da yaji ne, ban da kuɗin cefane da amarya take ta bin bashi. A gai da Baba da Inna da duk mutanen gida.