Janar Manajan Ƙarƙashin Lema

Makon nan wani mai shago a Ƙofar Marke ya manna takarda a bango: ana neman ma'aikaci mai digiri, mai gogewar shekara biyar, wanda ya iya kwamfuta, kuma mai haƙuri. Aikin kuwa zaman POS ne a bakin titi. Sharaɗin ƙarshen shi ya tsaya min a wuya, domin duk inda aka nemi mai haƙuri, albashin ne ba shi da lafiya.

Kun san sauran. 'Yan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Shehu Shagari za su yi layi cikin ranar Sakkwato, kowa da fayil a hammata, a yi musu intabiyu, sannan a ɗauki ɗan ƙanwar Hajiya da ke barci lokacin da ake tambayoyin. Sai ya gudu da cinikin sati ake tuna mai digiri.

Mai digirin ya zo, ya durƙusa: "Alhaji, nawa za a riƙa ba ni?"

"Kai yaro, mi kaka yi ma gaggawa? Ai kai ɗana na!"

A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Alhaji bai taɓa buɗe littafin doka ba, amma wannan sakin layin ya haddace shi tsaf.

Bayan wata uku yaro ya sake tayar da zancen kuɗi, sai a naɗa shi Manaja. Ya ƙara magana, ya zama Janar Manaja. Ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa su ne benci, caja da lema. Lemar ma ta fi shi gata, don ita ana kai ta gyara. Ranar da iskar damina ta yi awon gaba da ita, Janar Manaja zai rubuta bayanin yadda ma'aikaciya ta bar bakin aiki ba izini. In ya nace, akwai kujerar Darakta: daraktan sayo fura da ɗauko yara daga Islamiyya.

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Ubangidan gargajiya ba ya biyan albashi, amma yana ciyar da yaronsa, ya yi masa sutura, ya aurar da shi, ya sallame shi da jari. Kamfanin zamani ba ya aurar da kowa, amma yana biya ƙarshen wata. Alhajinmu ya tsinci intabiyu a nan, ya tsinci "ɗana" a can, ya bar duk ɓangaren da ke taɓa aljihu. Yaro ya gaji ya koma kabu-kabu, sai ka ji ana cewa yaran yanzu ba amana.

Af, fayilolin nan na hammata ma abin dubawa ne. Kowane mai neman aiki sai ya yi hoton takardunsa, har da shaidar gama firamare, ya sa musu leda. Mai injin hoton takardu kaɗai ke cin ribar rashin aikin garin nan, har ya ƙara yara biyu. Na tambayi ɗayansu nawa ake biyansa, ya gyara hula ya ce shi ne Mataimakin Manaja.