Yadda Ake Rabuwa Da Gidan Bakin Titi Cikin Mutunci

Idan gidanka na bakin titin Zariya ne a Kano, tsakanin Unguwa Uku da gadar Dangi, ko kan hanyar Katsina inda tirelolin Dawanau ba sa hutu, kuma ka gaji da barci rabi da rabi, ga shawara kyauta. La'ada ta dillali ce, ni ko sisi ba na nema.

Na farko, san lokacin da za ka kawo mai saye. Wasu za su ce maka safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, tunda ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10. Gaskiya ne titi zai yi tsit, amma shi ma mai sayen ba shi da hanyar zuwa, sai dai ka ba shi masauki tun daren Juma'a. In kuwa ya kwana a gidan, ciniki ya mutu. Jira azumi ya fi. Gayyace shi shan ruwa. Ana kiran magariba direbobi sun koma kan kunu da ƙosai, kai kuma ka zagaya da shi ɗakuna da sauri kafin su ƙoshi.

Na biyu, raɗa wa kowane aibi sabon suna. Hayaniya ita ce "unguwa mai rai". Hon ɗin A Daidaita Sahu, waɗanda suka cika gari tun da aka hana acaɓa a 2013, shi ne "abin hawa har ƙofar gida". Birkin tirela da tsakar dare kuwa, ka ce masa: "Alhaji, a gidan nan sallar asuba ba ta taɓa wuce kowa ba."

Na uku, kula da tagogi. Duk wadda gilashinta ke karkarwa, jingina da ita kana murmushi. Ka tayar da janareta ko da akwai wuta, domin laifin ƙara ya koma kansa. In mai sayen ya tambayi dalilin da ya sa yaranka ke magana da ihu, ka ce gado ne daga wajen uwa.

Na huɗu, gyara maƙwabta. Mai shayi da mai faci a ba su na goro. Dattijon da ya shekara talatin a kan dakalin gaba, wanda ko sallama aka yi masa sai ya ce "Iye?", a nema masa ziyarar dangi ranar.

Na biyar shi ne na gaske. Kowane malami zai gaya maka ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da haƙƙin maido maka da abinka. In ka manta, alƙali zai tuna maka. To me ya kai ka neman mai son barci? Fasa katangar gaba, ka fitar da shaguna uku, ka kira ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari. Shi hon ba ya damunsa, masu saye yake ƙirgawa. Kawo shi da yamma, lokacin da cunkoso ya kai maƙura, ka faɗa masa gaskiya tsurarta. Duk tirelar da ta girgiza bango, ƙara wani abu a kan farashi.

In kuɗi sun shigo hannu, sai ka nemi fili can cikin lungu. Amma kafin ka biya, tambayi mai unguwa ko ana shirin fitar da titi ta wurin.